Tsadar Man Fetur da Makomar Dazukanmu

 

Kwamitin shirye-shirye ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wata tambaya da ta daɗe tana raba kawunan 'yan wannan ƙungiya: shin ƙara farashin man fetur hanya ce ta gyara muhalli? Tambayar ta shafe mu ta fuska biyu. A nan Birtaniya muna zaune a azuzuwan da ake koyar da cewa idan mai ya yi tsada hayaƙi zai ragu. A gida kuma iyayenmu ne suke biyan wannan tsadar, kuma da yawa daga cikinmu mun ga alamarta a kuɗin da muke aikawa ƙarshen wata. Saboda haka ya kamata mu auna maganar a tsanake, mu ba kowane ɓangare haƙƙinsa.

Bari mu fara da hujjar masu goyon bayan ƙarin, domin hujja ce mai nauyi. Masana tattalin arziki suna cewa wanda ya ƙona litar fetur kuɗin man kawai yake biya, amma hayaƙin da ya saki jama'a ne suke biyansa da huhunsu da gonakinsu. Idan gwamnati ta ƙara sauƙaƙa man da tallafi, ta zama tana biyan mutane lada a kan su ƙara gurɓata iska. Idan kuwa farashi ya hau, mai mota zai rage yawon da bai zama dole ba, mai masana'anta zai nemi injin da ba ya shan mai da yawa, kuɗin da aka tara kuma a yi aikin jama'a da su. A kan wannan tunani ne ƙasar Suwidin ta kafa harajin hayaƙi tun 1991. A kansa ne kuma shugabannin ƙasashe ashirin masu ƙarfin tattalin arziki suka yi alkawari a 2009 cewa za su janye tallafin man da ke jawo almubazzaranci. Najeriya ma ta shiga sahu: a taron sauyin yanayi na birnin Gilasgo a 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa kafin 2060 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba, kuma a shekarar ya sa hannu a dokar sauyin yanayi.

Tallafin man da aka yi shekaru ana biya a Najeriya ba abin da za mu tsaya muna yi wa kuka ba ne. A 2022 kaɗai ya ci sama da naira tiriliyan 4, fiye da abin da gwamnatin tarayya ta ware wa ilimi da lafiya a haɗe. Wanda ke da motoci uku a gida ya fi kowa cin moriyarsa, manomin da ke hawa keke kuwa sai ɗan abin da ya ɗigo masa ta kuɗin mota. Wani kaso mai yawa na man yana tsallaka iyaka zuwa Nijar da Benin da Kamaru, inda 'yan bumburutu ke sayar da shi a kwalabe bakin titi. Binciken da Majalisar Wakilai ta yi a 2012 ya nuna an biya wasu kamfanoni kuɗin tallafi a kan man da ba su shigo da shi ba. Duk wanda ya ce a koma wancan tsari yadda yake, to bai yi wa talaka adalci ba.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na karɓar mulki cewa tallafi ya ƙare. Cikin kwana biyu litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a biranen Arewa. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Alƙaluman hukuma sun nuna man da ake fitarwa kasuwa a kullum ya ragu sosai, kuma wasu sun ɗauki wannan a matsayin nasara ga muhalli. Sai dai ya kamata mu tambaya: mene ne ya ragu? Wani ɓangare na raguwar fasa-ƙwauri ne da ya daina riba, kuma direban Maraɗi ko na Kotono bai daina tuƙi ba, ya sauya wurin sayen mai ne kawai. Wani ɓangaren kuma ma'aikaci ne da ya jingine mota, ɗalibi ne da ya koma takawa a ƙasa, mai walda ne da ya rufe shago saboda ba zai iya ciyar da janareta ba. Hayaƙin da ya ragu saboda talauci ya ƙaru yana nan yana jira. Ranar da aljihu ya ɗan yi nauyi zai dawo, domin ba a sauya komai a tsarin rayuwar mutane ba.

A nan ne muke ganin jigon maganar yake. Farashi yana sauya ɗabi'ar mutum ne idan akwai wata ƙofa a buɗe da zai bi. Idan aka tsawwala wa mazaunin Landan kuɗin shiga tsakiyar gari da mota, kamar yadda aka fara a 2003, yana da jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas da ke zuwa kowane 'yan mintoci, kuma doka ta ce kuɗin da aka tara a zuba su a harkar sufurin birnin. Mazaunin Kurna ko Rijiyar Zaki a Kano da zai je kasuwar Kwari, wace ƙofa aka buɗe masa? Adaidaita sahu ce, ita ma fetur take sha. Tela da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara ba don sha'awa suke kunna janareta ba. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana raba wutar da ba kasafai take wuce megawat 5,000 ba, kuma duk mun tuna watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki a duhu bayan an lalata manyan layukan wuta. Manomin rani a Kadawa ko fadamar Haɗeja injin ban ruwansa fetur yake sha; idan lita ta ninka, ko dai ya rage fili, ko tumatir da albasa su yi tsada a kasuwa.

Kuma Arewa ta fi jin jiki. A da akwai asusun da ke biyan kuɗin dakon mai daga bakin teku domin farashi ya daidaita a ko'ina. Yanzu kowane gari yana biyan kuɗin nisansa, shi ya sa lita ta fi tsada a Maiduguri da Sakkwato fiye da Legas. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 domin wadata wannan yanki, ta shafe shekaru ba ta tace mai. Matatar Dangote ta fara fitar da fetur a 2024, amma ita ma a Legas take, sai tanka ta yi tafiyar sama da kilomita dubu kafin man ya iso Kano.

Babbar illar da muke so mu tsaya a kanta kuwa a madafa take. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Waɗanda suka girma a biranen Arewa sun san risho. Shi ne murhun matar ma'aikaci, shi ne na ɗalibi a ɗakin haya, kuma yana cikin kayan ɗakin amarya. A 2016 aka janye tallafin kananzir, farashinsa ya yi ta hawa har ya wuce na fetur, risho ya koma ƙarƙashin gado. Wasu gidaje suka koma ga gas, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Amma farashin gas yana bin dala, don haka da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, cika tukunya ya gagari magidanta da yawa. Uwar gida ba za ta daina girki ba don makamashi ya yi tsada. Sai ta ajiye tukunyar gas ta sayi gawayi, wadda ke amfani da gawayi kuma ta koma itace. Ga gidajen burodi, ga masu shayi, ga masu tuyar ƙosai da masu abincin sayarwa, ga makarantun kwana. Kowannensu yana lissafin abin da zai iya biya, kuma lissafin a daji yake ƙarewa.

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna, ko ta Jos zuwa Bauchi, ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Kafin a cika buhu ɗaya sai an ƙona itacen da ya ninka shi nauyi sau da yawa, domin ramin da ake turara gawayi a gargajiyance yana asarar mafi yawan itacen. Masu gawayi kuma itace mai tauri suke nema: ƙirya, marke, maɗaci, har da kaɗanya, wadda matan karkara ke samun man kaɗe da kuɗin kashewa daga gare ta, kuma take ɗaukar shekaru fiye da goma kafin ta fara 'ya'ya. Idan itace ya tafi, iska ta kwashe ƙasar sama, ruwan sama ya zaizaye gona, makiyayi ya rasa ganyen da zai sassabo wa dabbobinsa da rani, sai ya matsa gaba ya tarar da gonar wani. Jihohi goma sha ɗaya na Arewa ne ake lissafawa a bakin hamada, kuma saboda su Najeriya ta shiga shirin Tarayyar Afirka na dasa katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, wanda aka amince da shi a 2007. Da hannu ɗaya muna dasa dashe a Jigawa da Yobe, da ɗaya hannun muna tura miliyoyin gidaje ga gatari.

Akwai kuma lafiyar mai girkin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Uwar da ke hura wuta da goyo a bayanta, ita da jaririn suna shaƙar abin da ya fi hayaƙin titi illa. Manufar da ta rage hayaƙin salansa ta ƙara na murhu ba za mu kira ta gyaran muhalli ba sai mun haɗa lissafin biyu wuri ɗaya.

Wasu ƙasashe sun riga mu bin wannan hanya, kuma biyu daga cikinsu suna da darasi a gare mu. A Faransa, gwamnatin Shugaba Emmanuel Macron ta yi niyyar ci gaba da ƙara harajin fetur da dizal da sunan kare muhalli. A watan Nuwamban 2018 mutanen karkara da na bayan gari, waɗanda ba su da jirgi ko bas sai motarsu, suka sanya riguna masu ruwan ɗorawa suka tare hanyoyi. Kafin Disamba ya ƙare gwamnati ta janye ƙarin. Waɗannan mutane suna da albashi da asibiti kyauta ko kusan kyauta, duk da haka suka ƙi ɗaukar nauyin da suka ga ba a raba shi daidai ba. Ita kanta Birtaniya da muke zaune cikinta ta daskarar da harajin fetur tun 2011, har ma ta rage shi a 2022 da farashi ya tashi. Ya kamata mu riƙa tuna wannan idan ana ba ƙasashenmu shawara a zaurukan taro.

Indonesiya kuwa ta bi wata hanya. Ita ma tallafin kananzir ya yi mata nauyi. Daga 2007 sai gwamnati ta fara raba wa gidaje ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 da murhunta kyauta, yanki bayan yanki, tana janye kananzir mai tallafi daga wurin da tukwane suka riga suka isa. Cikin 'yan shekaru aka raba sama da miliyan 50. Tsarin yana da nasa matsaloli, domin tallafin gas ɗin ma ya zama nauyi daga baya. Amma jerin matakan shi ne abin lura: an fara ba uwar gida abin da za ta girka da shi, sannan aka ɗauke na da. Mu kuwa muka fafe gora ranar tafiya. Shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ya zo ne bayan an janye tallafi, kuma gidajen sayar da gas ɗin sun fi yawa a Kudu da Abuja. Mafi ƙarancin albashi bai tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 ba sai a Yulin 2024, fiye da shekara guda bayan ƙarin. Zanga-zangar watan Agustan 2024, wadda ta fi zafi a Kano da Kaduna da wasu biranen Arewa, ta tuna mana abin da Janairun 2012 ya riga ya koyar, lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, jama'a suka cika tituna har aka sauko da ita zuwa 97.

Sai maganar adalci tsakanin ƙasashe. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da duniya ke fitarwa daga ƙona mai da kwal da gas. Abin da ɗan Najeriya ke fitarwa a shekara bai kai tan ɗaya ba, na Ba'amurke kuwa ya haura tan 10. Ko da a ce kowace mota a Kano ta tsaya cak, ɗumamar duniya ba za ta ji a jikinta ba. Wannan ba ya nufin mu naɗe hannu, domin tafkin Cadi da ya janye, da ambaliyar 2022, da ta Maiduguri a 2024, a kanmu suka sauka. Abin da yake nufi shi ne matsalar muhallinmu tana da kamanninta, kuma da su ya kamata a auna kowace manufa: sare daji, hayaƙin murhu, janareta a kowane lungu, da gas ɗin da ake ƙonawa a banza a yankin Neja Dalta. Tun 1984 doka ta haramta wannan ƙonawa sai da izini na musamman, amma har yau Najeriya tana cikin ƙasashe goman da suka fi yin ta a duniya. Ƙasar da ke ƙona gas a sararin sama alhali matanta suna girki da itace, ta san inda ya kamata ta fara.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga abin da ke yiwuwa. A yankunan Maraɗi da Damagaram, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon itatuwan da ke fitowa a gonakinsu, suna gyara su maimakon sare su, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Gawo ya dawo gonaki, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya ba dabbobi abinci. Abin da ya ƙarfafa wa manoma gwiwa shi ne sun tabbata itacen nasu ne, ba wanda zai ci su tara idan sun amfana da shi. A gefenmu na iyaka ma, tsadar fetur ta sa manoman rani da masu shaguna da dama sun koma farantan sola. A nan farashi ya yi aikin da masana suka ce zai yi, domin ƙofar tana nan. Sai dai wanda ke da kuɗin sayen farantan a dunƙule ne kawai ya iya shiga.

To, mene ne namu a ciki? Mu da ke waje muna da abubuwa biyu da na gida ba kowa ke da su ba: damar karatu, da 'yancin yin tambaya ba tare da tsoron rasa aiki ba. Tun da aka janye tallafi, kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Kowannenmu yana da jiha. Mu nemo kasafin kuɗinta mu karanta, mu ga nawa aka ware wa motocin haya na gwamnati, nawa ga gandun daji, nawa ga ban ruwa da sola, sannan mu rubuta abin da muka gani da Hausa, yadda mai sauraron rediyo zai fahimta. Mu riƙa bibiyar bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, har sai gas ɗin ya shiga masana'antun Sharaɗa da Bompai da tashoshin mota. Mu matsa wa 'yan majalisarmu a kan ƙaramar tukunyar gas da talaka zai iya cikawa da kuɗin cefanen yini, domin mai samun na yau da kullum ba ya iya biyan kilo 12 a lokaci ɗaya.

Masu karatun injiniya da aikin gona da lafiyar jama'a a cikinmu, ga fagen bincike a buɗe: murhun da ke cin itace kaɗan wanda maƙerin unguwa zai iya ƙerawa, gawayin da ake curawa daga ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa, tsarin bashin sola da manomi zai biya bayan girbi. Kuma idan za mu yi wa gida aike, tukunyar gas ko faranti biyu na sola ga iyaye sun fi wata tsarabar daɗewa.

Amsarmu ga tambayar da aka ba mu ita ce: ƙarin farashin mai yana iya taimakon muhalli idan an riga an tanadar wa mutane abin da za su koma gare shi, kuma suka ga inda kuɗinsu ya tafi. Idan babu waɗannan biyu, wutar tana barin tankin mota ne ta koma daji. Saboda haka duk ɗan siyasar da ya zo neman goyon bayanmu, ko ya ce zai dawo da tallafi ko ya ce ba zai dawo da shi ba, mu tambaye shi da me uwar gida a Gumel ko Illela za ta dafa tuwon dare shekaru biyar masu zuwa, kuma nawa zai ci mata.